Ɗalibin Malanta da Fasahar Koyarwa a Makarantar Ƙauye: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara idan zangon koyarwar gwaji ya zo, wato abin da kowa ke kira TP, akan turo mana ɗaliban NCE makarantarmu ta firamare, a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim. Da an fita tara sai mu shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar bayan ofis, su yi ta jero mini tambayoyi. Na lura tambayoyin bana su ne na bara, musamman a kan waya da kwamfuta da yadda za a shiga aji da su. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Wasu na amsa su a taƙaice, wasu kuwa sai da na baje su sosai, don a nan ne nake ganin ƙannena suna tuntuɓe.

Malam, wai mene ne ma fasahar koyarwa? Dole sai da kwamfuta?

A'a. Je ka tsangayar unguwarku ka dubi allon almajiri. Masassaƙin garinku ne ya yi shi, tawadar daga gawayi da ƙaro aka haɗa ta, alƙalamin kuma na gamba ne. Yaro ya rubuta, ya biya, ya haddace, ya wanke, ya sake wani. Kowa da nasa, ba ya neman caji, in ya tsage a nan garin za a gyara. Wannan fasahar koyarwa ce, kuma ɗaruruwan shekaru tana fitar da mahaddata. Baƙin allo da alli, taswirar bango, rediyo, kwalin da ka zana zuciya a kai, ƙwallayen dabino da yara ke ƙirga da su, duk suna cikin lissafi. Waya da kwamfuta su ne na baya-bayan nan a layin.

Abin da nake so ka ɗauka daga allon nan shi ne ma'auni. Duk na'urar da aka nuna maka, ka tambayi kanka: yaran ajina za ta kai gare su? In ta lalace wa zai gyara? Kuma me yaro zai iya bayan darasin wanda bai iya ba kafinsa? Na'urar da ta kasa amsa tambaya ta ukun nan ado ce.

Makarantar da za a kai ni ba wuta, sabis ma sai an hau tudu. To me wannan ilimi zai yi mini?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce yawan dawowa, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Kuskuren da yawancinku ke yi shi ne ku ɗauka fasaha tana nufin intanet a cikin aji. Malamin ƙauye ba a aji yake amfani da intanet ba. A gari yake amfani da shi, ran Juma'a ko ran kasuwa, ko daren da ya kwana inda sabis yake da ƙarfi. Can zai sauke duk abin da yake bukata na mako guda ko biyu, ya dawo da shi a aljihu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga yadda nake yi. Ran Lahadi in na shiga Gujungu cefane, nakan samu wuri in zauna da jadawalin darussan makon gaba a hannuna. Ba na buɗe waya sai na san abin da nake nema: hoton sassan fure, gajeren bidiyon yadda ruwa ke zama gajimare, labari biyu na karatun aji uku. In sauke, in sake wa kowanne suna yadda zan gane shi, misali "Aji 4 kimiyya tsiro 1", in jefa shi cikin foldar ajinsa a memori. Wannan sake sunan kada ka raina shi. Na ga ɗalibi tsaye gaban aji yana ta laluben bidiyo a tsakanin hotunan biki da saƙonnin WhatsApp ɗari, yara kuwa sun riga sun koma surutu. Bayan na sauke, sai in kashe data in buɗe kowane fayil in tabbatar yana tashi. Abin da bai buɗu ba da data a kashe, ba ka da shi.

Maganar caji kuma, kusan kowane ƙauye yanzu akwai mai cajin waya, da janareta ko da sola. Amma kada darasinka ya rataya a kansa. Ƙaramin faifan sola da za ka shanya a kan danga ko rufin ɗaki yana cika waya a rana ɗaya ta rani. Fawa bank mai 10,000 mAh yakan cika waya mai batir 5,000 sau ɗaya da wani abu, ba sau biyu cur ba, domin wani kaso na wutar yana salwanta wurin juyawa. Kuma ka sani, waya ta fi shan caji a inda sabis yake da rauni, saboda faman neman sa da take yi. Da ka shigo harabar makaranta ka danna alamar jirgin sama. Batirinka zai kai yamma, kuma kira ba zai shigo maka ana tsakiyar darasi ba.

Ka tuna 2020, lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris saboda korona. Abin da ya kai ga yaran karkara a Kano da Jigawa rediyo ne. A Wudil da Dawakin Tofa, shirin KaLMA na koyar da karatu da lissafi ya koma ga rediyo da saƙon tes da saƙon murya a ƙananan wayoyin iyaye. Malamin da ya iya tsara darasi na murya zalla, minti goma, a bayyane, shi ne ya yi rana a lokacin.

Gaskiya ban taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar JAMB. Daga ina zan fara?

Ba kai kaɗai ba ne, kuma ba abin kunya ba ne. Tun 2015 da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, yaran ƙauye da yawa ranar jarrabawar suke fara riƙe linzamin kwamfuta. Amma kada ka fita kwaleji a haka, domin jarrabawar ƙwarewa ta hukumar rajistar malamai, TRCN, ita ma a kwamfuta ake yin ta, WAEC kuma ta fara tata da masu zana jarrabawa daga waje a 2024. Yaran da za ka koyar nan za su tarar da ita a gabansu.

Ka fara da buga rubutu. Ba da yatsa ɗaya ba, da hannu biyu. Ka ɗauki tsarin darasinka na gobe ka buga shi, ka adana, ka rufe kwamfutar, ka dawo ka nemo shi da kanka. Idan ka iya wannan, ka koyi jera sunayen yara da makinsu a Excel har ka sa shi ya tara maka jimla ya fitar da matsakaici. Malamin da yake da yara 90 da darussa 8, ya san abin da haɗa sakamakon ƙarshen zango da biro da kalkuleta yake ci masa na dare. Sai buɗe imel da sunanka na gaskiya, da liƙa takarda a cikinsa, da mayar da rubutu PDF, da kwashe fayil daga waya zuwa kwamfuta ko filas. Iyakarsa ke nan na matakin farko, kuma wata biyu na naci ya isa.

Lokacin koyonsa kuwa yanzu ne, kana kwaleji. Ko a Gumel kake, ko Kumbotso, ko Bichi, kana kusa da ɗakin kwamfuta da abokin da ya fi ka iyawa, abin da ba za ka samu ba in an kai ka ƙauye. In layi ya yi yawa, ka nemi lokacin da kowa ya tafi cin abinci. Aikin da aka ba ka kuma, kada ka miƙa wa mai shagon buga takardu ya yi maka. Ka biya kuɗin zama, ka buga da hannunka, ko da zai ci maka awa uku.

Wace irin waya zan saya? Ko in tara kuɗin laftof?

Waya tukuna. Android mai batir babba, mai gurbin memori, wadda ma'adanarta ba ta gaza 64GB ba. Kyawun kyamara ya zo daga baya. In ta hannu ce, ka gwada bakin caji da sifika da batir kafin ka biya. Ragowar kuɗin ka sa a memori mai kyau da 'yar sifikar Bluetooth, irin wadda ake kira empi. Laftof tana da ranarta, amma a garin da ba wuta yawanci a akwati take ƙarewa.

Yara tamanin, waya ɗaya. Yaya za a yi su gani?

Bari in ba ka labarin wata ɗaliba da ta yi TP a wurinmu. Darasinta tsiron iri ne a aji huɗu. Ta samo bidiyo mai kyau ƙwarai, na minti ɗaya, wanda ke nuna ƙwayar wake tana fashewa, saiwa tana nutsawa ƙasa, ganye biyu suna buɗewa. Ta ɗaga wayar sama ta ce "ku duba". Nan take aji ya rikice. Na baya suka taso suka tattake na gaba da ke zaune a ƙasa, ƙura ta tashi, wata yarinya ta fashe da kuka an taka mata yatsa. Waɗanda suka gani ba su fi goma ba. Ta fito idonta ya yi ja.

Muka zauna muka sake shiri. Ta sa yaran suka kawo gwangwanayen madara da na tumatir, aka huda gindinsu, aka cika da ƙasa, kowane rukuni na mutum takwas suka shuka wake uku suka jera a bakin taga. Mako na zagayowa ta rubuta tambaya biyu a allo: me ya fara fitowa, saiwa ko ganye? Ina ɓawon ya tafi? Ta ce kowa ya tone gwangwaninsu a hankali ya zana abin da ya gani. Suna cikin zanen, sai ta riƙa kiran rukuni ɗaya bayan ɗaya zuwa teburinta, su durƙusa su kalli bidiyon sau biyu, su koma. Rukuni goma, minti biyu-biyu, cikin minti ashirin kowa ya gani da idonsa. Wani yaro da ba ya magana a aji, ɗan manomi ne da ya sha shuka wake da hannunsa, ya ce: "Malama, ashe da dare ma yana girma?" Abin da bidiyon ya ba shi ke nan wanda gwangwani bai ba shi ba, ya ga kwana bakwai a cikin minti ɗaya.

To ka ga ƙa'idar. Sauran yara su kasance da aikin yi yayin da wasu ke kallo. Tambaya ta riga kallo. Bidiyo kada ya wuce minti biyu ko uku. Sannan ka riƙa tuna cewa sauti ya fi hoto kai wa ga jama'a: allon waya na mutum takwas ne, amma sifika da ka ɗora a kan taga tana kai wa har bangon baya. Lafazin Turanci, labari, waƙar haruffa, kukan tsuntsaye, duk da sifika ake yin su. Hoton da kake so kowa ya gani a lokaci guda kuwa, ka zauna da daddare ka kwafe shi daga waya zuwa babban kwali da maka. Wayar ta yi aikinta ke nan, ko da ba ta shiga ajin ba.

Majigi fa? Na ga ƙanana masu araha a kasuwa.

Ka yi hattara da su. Haskensu kaɗan ne, sai a ɗaki mai duhu, ajinmu kuwa tagogi a buɗe suke, wasu ma ba marfi. In ka toshe su da buhu don a samu duhu, zafin watan Afrilu zai hana kowa zama. Ga ƙurar hunturu da ke toshe masa hanyar shan iska. In makaranta tana da sola da ɗaki ɗaya da ake iya rufewa, majigi na gaske yana da amfani, a riƙa kai azuzuwa bi da bi. Amma kada ka sa alawus ɗinka a ciki. Yadda ake haɗa shi da laftof dai ka koya tun a kwaleji, aikin rabin awa ne.

Yarana ba sa jin Turanci. Ina zan samu kayan koyarwa da Hausa?

Akwai, ko da yake ba su kai yadda muke so ba. Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF da Microsoft a 2022, yana da darussa da Hausa bayan Turanci da Yarbanci da Ibo, kuma rajistarsa kyauta ce. African Storybook da StoryWeaver suna da gajerun labaran yara masu hotuna da Hausa, an jera su daga masu sauƙi zuwa masu wuya, ana saukewa a karanta ba intanet ko a buga a takarda. Akwai Wikipedia ta Hausa, kuma da manhajar Kiwix ana iya sauke ta a ajiye a waya. Sai dai komai ka samo, ka karanta shi da kanka tukuna. Wasu labaran fassara ce da ba ta nuna ba, wasu hotunan kuma ba su dace da yaranmu ba.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne wanda ka yi da kanka. Ka je wurin maƙerin garinku ka ɗauki hoton zuga-zugi da uwar maƙera. Ka ɗauki bidiyon mai injin ban ruwa a fadama. Ka roƙi wata tsohuwa ta yi maka tatsuniya ka naɗa, ka rubuta ta, ta zama littafin karatun aji uku. Na taɓa ɗauko hoton ƙauyenmu daga sama a Google Earth na nuna wa 'yan aji biyar. Suka gano masallacin Juma'a, suka gano kududdufi, suka gano hanyar da suke bi zuwa makaranta. Daga nan na ja hoton har Kogin Haɗeja, na bi shi da yatsa zuwa dam ɗin Tiga da na Challawa, na nuna musu inda ruwan ke fitowa da ƙauyukan da ke kwance a bakinsa. Yaran da suka ga ambaliyar 2022 da idonsu ba sai an daɗe ana yi musu bayanin amfanin taswira ba.

Roƙo ɗaya nake yi muku a nan: ku sa Hausa a allon rubutun wayarku. A Gboard ana ƙara harshe cikin saiti, haruffa masu lanƙwasa su fito. Kasa daban, ƙasa daban. Bari daban, ɓari daban. Yaron da ke koyon haɗa baƙi da wasali, in ka ba shi takarda babu ƙ da ɗ da ɓ, kai ka rikita shi da hannunka.

Ni lissafi da kimiyya nake karanta. Akwai abin da ya shafe ni musamman?

Akwai PhET, na Jami'ar Colorado ta Amurka, gwaje-gwajen kimiyya ne da ake yi a kan allo: ka haɗa batir da wayar wuta da ƙwan fitila ka ga ya kama, ka ƙara batir ka ga haske ya ƙaru. Ana sauke su a yi aiki ba intanet. GeoGebra kuma na zanen kusurwoyi da jadawalin lissafi ne. In makarantarka ta yi sa'ar samun kwamfutoci ko allunan hannu, wato tablet, ka nemi sanin Kolibri, wadda ke sa na'ura ɗaya ta riƙe darussa ta rarraba wa sauran ba tare da data ba. Amma gwajin da za a iya yi da batirin tocila biyu da guntun wayar wuta, a yi shi da hannu. A bar wa allo abin da ba za a iya kawowa aji ba, irin su kewayawar duniya da bugun zuciya.

Malam, abokaina da ChatGPT suke rubuta tsarin darasi. Laifi ne?

In ka kwafe ka miƙa wa mai duba ka a matsayin naka, ha'inci ne, kuma kai ne za ka kwana ciki. Tun fitowar wannan manhaja mai rubuta maka amsar abin da ka tambaye ta a ƙarshen 2022 nake karanta irin waɗannan takardu, kuma ba sa ɓuya. Sai ka ga an rubuta a raba yara rukuni huɗu kowanne da kwamfutarsa, ko a kawo misali da dusar ƙanƙara. Na'urar ba ta san ajinka ba. Ba ta san rabin yaran aji huɗu ba su gama haɗa baƙi ba, ba ta san ran kasuwa aji yakan rage ba. Kuma tana faɗin kuskure da irin ƙarfin gwiwar da take faɗin daidai, musamman a tarihin ƙasar Hausa da nahawun Hausa.

Ban ce ka guje ta ba. Ka rubuta naka tukuna, da manufarsa da matakansa. Sannan ka ce mata ta ba ka tambayoyin auna fahimta goma, ko wata hanya ta biyu ta bayyana kashi-kashi a lissafi, ko ta sauƙaƙa maka wani sakin layin Turanci. Duk abin da ta ba ka ka gwada shi da littafin aji. Haka Google Translate, wanda ya sa Hausa tun 2013: yana taimako a kalma, amma jimlarsa sai ka sake ɗinke ta kafin ta shiga kunnen yaro.

Mene ne abu ɗaya da waya za ta yi mini wanda zai gyara koyarwata da kanta?

Ka ɗauki kanka kana koyarwa. Darasin ƙaramar koyarwa da kuke yi a gaban abokan karatu, a Jami'ar Stanford ta Amurka aka faro shi a 1963, kuma tun da wuri da ɗaukar bidiyo aka haɗa shi, a lokacin da na'urar take da nauyi da tsada. Yau tana aljihunka. Ka jingina wayar a bayan aji, ta ɗauki minti goma, ka kalla kai kaɗai da daddare. Za ka ga ka juya wa yara baya tsawon minti huɗu kana rubutu. Za ka ji sau nawa ka ce "kun gane?" aka amsa "e" ba wanda ka gwada. Za ka ga 'yan layin gaba kaɗai kake tambaya, 'yan matan da ke kusurwar hagu ba wadda ka kira. Ba mai duba malamai da zai faɗa maka waɗannan ka yarda kamar yadda idonka zai nuna maka. Sau ɗaya a mako ya isa, kuma kowane mako abu ɗaya za ka gyara. In ka gama kallo ka goge.

Malam, ni mace ce. A gida ana ganin riƙe babbar waya kamar hanyar lalacewa ce, hedimasta ma ba ya son ganin waya a aji. Yaya zan yi?

Ƙanwata, tsoronsu ba daga sama ya faɗo ba. Sun ga abin da waya ta jawo a wasu gidajen, hedimasta kuma ya sha kama malami yana hira a waya yara na zaune. Gardama ba za ta warware wannan ba, gani ne ya kori ji. Ki zauna da Baba ko maigidanki ki buɗe foldar darussanki ki nuna musu, ki kunna musu karatun da kika naɗa. Shi kuma hedimasta, kafin ki shiga aji da waya ki kai masa tsarin darasin, ki nuna masa layin da kika rubuta za ki yi amfani da ita da minti nawa, ki ce in yana da sarari ya leƙo. Ban taɓa ganin wanda aka girmama haka ya hana ba. In hali ya yi, ki ware layi ɗaya na aiki, shi za ki ba iyayen yara da zauren malamai.

Ga kuma maganar da ta shafi kowa, maza da mata. Hoton yaran mutane amana ne. Kada ku ɗauki fuskar yaro ku sa a Facebook ko TikTok ko sitatus don a ga kuna TP, balle yaron da ya kasa karatu ko mai yagaggiyar riga, wai don a yi dariya ko a ji tausayi. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, kuma ta ba bayanan yara kulawa ta musamman. Amma ko ba doka, uwar yarinyar nan ba ta turo ta makaranta don duniya ta kalle ta ba. In hoton shaida ake bukata, a nemi izini, a ɗauka ta bayan yaran ko a ɗauki hannu da littafi. Kuma kada malami namiji ya karɓi lambar ɗaliba, komai ya bi ta hannun iyaye.

Data tana cinye mini kuɗin abinci. Dabara?

Ku haɗa kai ku biyar ko shida masu darasi ɗaya. Kowa ya sauke kasonsa, ku tura wa juna ta Xender ko Bluetooth. Bidiyon da za a kalla a waya ba ya bukatar ya wuce 360p. Ka hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyo da kansa, ka hana manhajoji sabunta kansu sai ka ba da izini. Sannan ka buɗe saiti ka duba wace manhaja ce ta fi shan datarka a watan jiya, ka yi wa kanka hisabi.

Ana cewa za a raba wa malamai allunan hannu masu darasi a rubuce. Ke nan ba sai mun wahala da shiri ba?

An yi irin haka a Jihar Edo tun 2018 da shirin EdoBEST, inda malami ke bin darasin da aka tsara masa mataki-mataki a allon hannu, Jigawa ma ta ɗauko irinsa da sunan JigawaUNITE. Ni ina ganin alheri a ciki, musamman ga sabon malami da kuma wanda aka ba darasin da ba fanninsa ba. Amma allon ba ya ganin fuskar yaro. Ba shi zai lura Sa'adu ya daina rubutu tun mataki na biyu ba, ba shi zai sauya misalin tuffa ya koma mangwaro ba. Wanda ya san darasin zai karanta rubutun ya ɗago kai ya koyar. Wanda bai sani ba zai sunkuya yana karanta wa yara, su kuma suna kallon saman hularsa. Saboda haka shiri yana nan daram.

Ana turo mana kwasa-kwasai da tallafi a zaurukan WhatsApp. Wanne ne na gaske?

Duk wanda ya ce ka tura wa mutum goma kafin ka samu, ƙarya ce. Duk wanda ya nemi BVN ɗinka ko lambar sirrin da aka turo maka ta tes, ɓarawo ne, ko da hoton gwamna ne a saƙon. Rajistar TRCN da karatun Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, ta shafukansu da ofisoshinsu ake yi, ka tabbatar a wurin malamanku kafin ka biya ko sisi. Ka sa wa WhatsApp ɗinka tabbatarwa mai mataki biyu yau ɗin nan, don da asusun malami ake damfarar iyayen yara.

Ranar da mai duba ni zai zo, in shiga da waya ko in bari? Ina tsoron ta ba ni kunya.

Ka shiga da ita idan ka riga ka gwada irin darasin a ajin nan aƙalla sau biyu, yaran sun saba, sun san yadda ake tashi rukuni-rukuni. Ranar dubawa ba ranar gwajin sabon abu ba ce. Ka rubuta wayar da sifikar cikin jerin kayan koyarwa, ka nuna a wane mataki za su shigo.

Daren ranar ka cika su da caji, ka haɗa su ka ji sautin daga nesa. Da safe ka danna alamar jirgi, ka buɗe fayil ɗin ka tsayar da shi a daƙiƙar da za ka fara, ka sa wayar a aljihun gaba. A ƙarƙashin teburinka kuma ka ajiye kwalin da ka zana abin da ke cikin bidiyon, a naɗe, da ƙusa biyu ko salatif. In ka danna ba ta tashi ba, ka ƙirga biyar a zuciyarka. Ba ta tashi ba, ka mayar da ita aljihu, ka warware kwalin, ka kira yara biyu dogaye su riƙe maka gefe da gefe, ka ce: "To, wa zai nuna mana saiwa a nan?"